Langarki Ta Hau Bene a Safa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kina katse mai karatun kina cewa ya koma baya, ya yi sauri da yawa. Zan sa wannan inda mutane za su gani, domin na san ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba. Amma masu karantawa su yi haƙuri, ba da su nake ba, da ke nake.

Inna, mun tashi daga Kurayyat, tsohuwar unguwarmu a nan Jidda. Shekara uku ke nan da rasuwarki, kuma bayan Babbar Sallar da ta wuce ni da mijina Haruna muka sayi gida a unguwar Safa. Bene ne mai hawa huɗu, ƙofa biyu a kowane hawa, mu ne lamba bakwai a can sama. Ruwa ba ya ɗaukewa. Makarantar 'yarmu Walida, takwararki, tana bayan layi, asibitin da nake haɗa magani bai fi tafiyar minti goma ba. Haruna ne kawai ya cutu, don yanzu sai ya ratsa Jidda kaf kafin ya kai masana'antarsu, amma ya ce ya ji ya gani. Ranar da aka ba mu makulli na tsaya a tsakiyar falo babu ko tabarma, na yi kuka, don ke na so ki fara taka wurin.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba a ranar, ko da yake duk mun lura. A cikin ƙofofi takwas ɗin nan, mu kaɗai ne baƙaƙe, in aka cire masu aiki.

Ke kin san waɗannan layukan tun kafin a cika su da benaye. Shekara ashirin da ɗoriya kina yi wa gidajen arewacin Jidda guga. Ina tuna ranakun Alhamis da babu makaranta, kina riƙe da hannuna, mu sauka daga bas mu zagaya ta ƙaramar ƙofar gefe. Ki zaunar da ni a ƙasan kicin ki ba ni gutsuren burodi, ke kuma ki tsaya kan riguna har azahar. Wani lokaci mu dawo da leda cike da kayan da 'ya'yan gidan suka gaji da su. Da irin waɗannan kayan na yi sallah ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ban taɓa jin kin kira abin da sunan kunya ba.

Kina kuma da dokarki ta tarewa, wadda kika yi ta nanata mini tun ban san me ake nufi da aure ba. "Zainabu, in kika tare, kafin ki rataya labule ki ɗora tanda. Kuma da ƙafarki za ki kai wa maƙwabta, ba aike ba." A wurinki aike raini ne. Maƙwabci ya ga fuskarki, ya ji sunanki daga bakinki, sannan kwanonki ya kwana a gidansa ya dawo da wani abu a ciki. Wannan na ƙarshe har Larabawan garin nan sun yarda da shi, su ma ba sa mayar da kwano haka nan.

To na bi dokarki. Juma'ar farko na jiƙa shinkafa tun jajibiri, na soya waina har zafin tanda ya gasa mini fuska. Na zuba zuma maimakon yaji, kamar yadda kike yi in za ki ba Balarabe, kina cewa harshensu na jarirai ne. Na raba a faranti shida. Na bakwai kuwa, na ƙofar da ke kallon tamu, na zuba shi a langarki, farar nan mai jajayen furanni da ta ɗan fashe a baki, wadda Kaka ta ratso Sudan da ita a ƙunshin kayanta. Na ce maƙwabcin da ya fi kusa shi ya fi haƙƙi, shi ya dace da ita.

Ban canza kaya ba, Inna. Da jallabiyar da na yi suya da ita na fita, na yafa mayafi, na zura silifas. Haka kike fita a Kurayyat, haka duk matan layinmu suke fita, wa zai yi kwalliya don zai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci? Walida ta biyo ni tana riƙe da kwalbar zuma, tana ta rawar kai. Shekararta goma sha ɗaya yanzu, ta kusa kamo ni a tsawo, kuma goshinki ne sak a fuskarta.

Abin da ban sani ba shi ne, a Safa matar gida ba ta ɗaukar tire ta bi ƙofofi. 'Yar aiki ake aikawa, ko mai gadin bene. Abin da ke kika koya mini a matsayin girmamawa, su a idonsu aike ne.

Matar lamba takwas, Ummu Nawaf, ita ta buɗe da kanta. Fara ce sol, mai fara'a, ƙamshin turaren wuta yana biye da ita. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta ɓata rai ba. Ta karɓi langar da hannu biyu, ta buɗe, ta yi masha Allah. Sannan ta dube ni ta ce, "Sallimi ala madam," wai in gaida uwar ɗakina, in ce mata an gode. Kafin in buɗe baki ta matso ta rage murya, ta tambaye ni ko madam tana sake ni ranar Alhamis, don tana neman mai yi mata guga.

Guga, Inna. Ranar Alhamis.

Ni da nake tsayawa gaban likitoci in ce musu wannan magani bai dace da wancan ba, ni da kike cewa bakina ya fi ni girma, sai bakin ya mutu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Insha Allah." Ta shafa kan Walida ta rufe ƙofa. Taku biyar ne tsakanin ƙofarta da tamu, kuma duk takun nan idon Walida yana kaina. Ban iya kallonta ba.

Na so in ɗora wa jallabiyar laifi, amma na san ba ita ba ce kaɗai. A satin farko wani magidanci ya tare Haruna a wurin ajiye motoci ya tambaye shi wane gida yake yi wa tuƙi. A kanti an taɓa miƙo mini jaka wai in kai mota. A cikin asansir, injin da ke hawa da mu sama, wata mata ta janye ɗanta jikinta da na shigo, kamar mai ɗauke da wuta. An haife ni a garin nan, an haifi Baba a garin nan, Larabcina ya fi Hausata kaifi, kin sha yi mini gori a kan haka. Amma sai an gama karanta fatata kafin a saurari bakina.

Bayan kwana uku mai gadi ya kawo langar. Cike take da basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi na Larabawa, an yayyafa kwakwa a kai, an ce na madam ne. Tare da ita akwai leda, an ce wannan na yarinyar shaggala ne, wato 'yar mai aiki. Walida ce ta buɗe ledar. Riguna ne na 'yar Ummu Nawaf, har da wata ruwan hoda mai tabon miya a wuya. Ta ɗaga ta, ta duba, ta ninke ta tsaf ta mayar. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta shige ɗakinta, basbusar kuwa ko taɓawa ba ta yi ba.

Daga ranar yarinyar nan ta canza mini. Ta daina shiga asansir in da mutum a ciki, sai ta bi matakala hawa huɗu da jakar makaranta a baya. In na yi mata Hausa a waje sai ta amsa da Larabci, a hankali, tana waige-waige. Ta fara roƙo a mayar da ita Kurayyat wurin Yaya Rabi, ta ce za ta iya tashi da wuri ta zo makaranta daga can. Na ɗauka rigunan ne suka ƙona mata rai, sai wata ranar Talata muna tsinke ganye a kicin ta gaya mini sauran. Wata yarinya a benen ta tambaye ta ko su wane ne, ita kuma ta ce mata aiki muke yi a lamba bakwai. Na ajiye wuƙa na tambaye ta dalili. Ta ce ai ni na ce insha Allah, ba ta so ta mayar da ni maƙaryaciya.

Inna, ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan ba. A gidan ubanta, a ɗakin da ita ta zaɓi launin fentinsa, 'yata tana zaune kamar wadda aka ba aron wuri. Kuma ba Ummu Nawaf ce ta yi mata haka ba, ni ce.

Kowa ya kawo shawara. Haruna ya ce ko dai ya je ya sami mijin matar su yi ta maza, ko kuma halas, shi ke nan, mu sa gidan a kasuwa mu koma cikin mutanenmu, ba zai zuba ido yarinya ta lalace saboda bango da tayil ba. Yaya Rabi, kin san ta, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce in sa a buga mini allon tagulla a ƙofa a rubuta Duktura Zainab, wato Dakta, da manyan baƙaƙe, in ɗauki 'yar aiki ko ta wata ɗaya ce don a gan ta, in zuba gwal in je in yi wa matar sallama ta ga iyakarta.

Na kusa bin ta Yaya Rabi. Na fiddo baƙar abayar nan mai aikin hannu, na sa awarwaron aurena, na tsaya gaban madubi ina shirya kalaman da zan faɗa. Sai na saurari abin da nake shiryawa. Duk yadda na juya shi, ma'anarsa ɗaya ce: ku dube ni da kyau, ni ba irin uwata ba ce.

Na zauna a bakin gado. Na tuna wata 'yar Habasha da ke aiki a hawa na biyu, wadda tun zuwanmu take riƙe mini ƙofar asansir tana ce mini 'yar uwa. Tun ranar wainar nan na fara kawar da kai in na gan ta, don kada a gan mu tare a ƙara tabbatarwa. Ni, 'yar Hauwa mai guga, wadda aka biya wa littattafan makaranta da ƙunar dutsen guga a hannun uwarta. Abin da ya rufe mini baki a ƙofar Ummu Nawaf ba mamaki ba ne kawai. Kunya ce, kuma kunyar ta taɓa ki. Ki yafe mini, Inna. Na daɗe ban faɗi abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Na cire awarwaron na mayar da abayar cikin kabad. Na ce wa Haruna ba za mu sayar ba, kuma ba shi zai je ba, wanda ya ɓata shi zai gyara.

Juma'ar da ta biyo na sake jiƙa shinkafa. Na fiddo rigunan ledar nan na wanke su, na cire tabon miyar da lemon tsami, na goge su yadda kika koya mini, wuya da farko, sannan hannu, sannan jiki. Na sa jallabiyar nan dai, da mayafin nan, da silifas ɗin nan. Na cika langarki da waina. Na ce wa Walida ba dole, in ba ta so ta zauna. Sai ta ɗauki rigunan ta biyo ni.

Da Ummu Nawaf ta buɗe, ban bari ta riga ni ba. Na yi mata sallama na ce sunana Zainab, ana ce mini Ummu Walida, lamba bakwai gidana ne ni da mijina, kuma babu wata madam a ciki sai wadda take gani. Na ce mata na gode da basbusa. Na ce rigunan ga su a wanke a goge, ta ba wanda yake bukata, akwai su da yawa kuma ba abin kunya ba ne, ni ma da irinsu na girma. Na ce mata uwata ta yi shekara ashirin tana guga a layukan nan, kuma ita ta koya mini cewa maƙwabci da ƙafa ake zuwa masa. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta dafa ƙirji tana ta rantsuwa, sannan ta faɗi abin da take ganin ban haƙuri ne: "Wallahi ma yiban alaiki." Wai ba a gani a jikina. Na tambaye ta a hankali, me ya kamata a gani? Ta karɓi langar don ba ta san yadda za ta ƙi ba. A nan na ji hannun Walida ya shigo cikin nawa, yana gumi, ya riƙe ni gam.

Ba mu tsaya nan ba. Muka bi sauran ƙofofi shida ɗaya bayan ɗaya, da matakala, ina faɗin sunana da lambar ƙofata. A hawa na biyu 'yar Habashar nan ce ta buɗe. Na gaishe ta da kyau, na tambayi sunanta, na ba ta nata farantin daban kafin in ce ta kira matar gidan.

Ba zan ce miki komai ya gyaru ba, kin san ni ba na iya yi miki ƙarya ko kina nesa. Wata tsohuwa 'yar asalin Sham da ke lamba uku ta hau har sama da sandarta, ta zauna a falona ta cinye waina biyar tana zagin gwiwoyinta, ta ce shekararta tara a benen nan ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa da abinci. Gida biyu sun mayar da faranti da dabino da biskit ɗinsu na ma'amul. Gida biyu shiru har yau. Mutumin nan kuwa da ya ɗauki Haruna direba, lokacin yana yi masa sallama har da wasa, amma tun da ya san shi ma mai gida ne sai ya daina ganinsa. Wannan ya koya mini wani abu da ban so sani ba: akwai waɗanda ba zamanmu kusa da su ne yake damunsu ba, zamanmu daidai da su ne.

Langarki ta kwana goma sha biyu a lamba takwas. Kullum in na dawo daga aiki sai na dubi bakin ƙofa. Jiya da la'asar na same ta a ajiye a kan tabarmar shiga, ba a ƙwanƙwasa ba, ba a ba mai gadi ba. An wanke ta fes, an goge, an rufe. Na ɗaga murfin, babu komai a ciki.

Ban sani ba ko kunya ce ta hana matar, ko kuwa amsa ce ta ba ni. Na shiga da ita na ajiye a kan tebur, raina yana tafasa. Haruna ya leƙa ya gani, ya girgiza kai ya ce halas, mun yi namu, a bar su. Ni ma zuciyata ta fara karkata can. Na ce a raina kwanon da ya ratso Sudan bai cancanci a ajiye shi a ƙasa kamar takalmi ba, gara in naɗe shi in ɓoye.

Sai Walida ta fito daga ɗaki. Ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta mayar. Ina jira in ga fuskar nan ta ranar leda, amma ba ita na gani ba. Ta dube ni da goshin nan naki, ta ce da karyayyiyar Hausarta, "Yalla Umma, jiƙa shinkafa. Wannan karon ni zan danna ƙararrawa."

Yau da safe a asansir muka sauka tare, da mutane a ciki, tana ba ni labarin malamarsu da Hausa, da ƙarfi, rabin kalmomin a karkace. Ban gyara mata ko ɗaya ba. Maganar komawa Kurayyat kuwa ba ta sake tayar da ita ba.

Don haka ga abin da na rubuto in gaya miki, Inna. Ba za mu tashi ba. Ba zan buga allon tagulla ba, ba kuma zan sa gwal don in gaida maƙwabci ba. In langar ta dawo babu komai sau goma, sau goma za mu cika ta, ba don muna roƙon a so mu ba, sai don haka ake zama da mutane a gidan da muka fito, kuma nan ma yanzu gidanmu ne. Kin shiga gidajen unguwar nan ta ƙofar gefe don ni in shiga ta gaba. Na shiga, saura in koyi tsayawa a bakinta in faɗi sunanki ba tare da na sunkuyar da kai ba, kuma na fara.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya sanyaya hannuwan nan da dutsen guga ya ƙona, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki gida a Aljanna wanda ba wanda zai tambaye ki na wane ne. Allah Ya shirya mana Walida, Ya sa ta fi ni ƙarfin zuciya. Ya kuma daidaita tsakaninmu da maƙwabtanmu, waɗanda suka buɗe da waɗanda ba su buɗe ba tukuna. Amin.

Shinkafar tana cikin ruwa yanzu haka. Gobe Juma'a.

Taki har kullum,
Zainabu, 'yar Hauwa mai guga,
matar gida a lamba bakwai.